Matacin Fentin Mota: Abin da Zai Wuce da Abin da Zai Tsaya

Duk wanda ya taɓa zama a garejin masu fentin mota ya san lokacin da gaban mai feshi yake faɗuwa. Ya gama zuba kiliya ta ƙarshe, wato fentin sama marar launi mai ba da sheƙi, a kan bonet, ya rataye bindigar feshi, ya sunkuya ya karkata kai don ya kalli aikin ta inda haske yake faɗowa, sai ya hango ƙananan ƙuraje sun ɗago a tsakiyar sheƙin kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Aikin kwana uku na shafa fila mai cike lotsawa da gugar samfefa da liƙe gilasai da takarda ya tsaya a kan waɗannan ƙuraje, domin mai mota idan ya zo ba zai tambayi wahalar da aka sha a ƙasa ba, abin da ya fito a sama shi idonsa zai fara kamawa. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan iska ko ƙurar hanya, kuma wani lokaci gaskiya ne. Amma kaso mai yawa na wannan datti tun a cikin gwangwani yake, ya bi kofin bindiga ya fito ta bakinta, kuma ɗan matacin takarda da kuɗinsa bai kai na ludayin fenti guda ba ne ya kamata ya tare shi.

Matacin da ake magana a kai mazurari ne na takarda mai ɗan kauri, an yanke gefen ƙasansa an liƙa masa raga siririya, galibi ta zaren leda wato nailan. Ana ɗora shi a bakin kofin bindiga, a zuba fentin da aka haɗa, ruwan ya tsiyaye ta ragar, tsakin ya tsaya. A ido duk kamanninsu ɗaya, shi ya sa mutane da yawa suke shiga shago su ce a ba su mataci kawai, kamar yadda ake cewa a ba da ashana. Alhali a jikin takardar, ko a jikin kwalin da suka zo a ciki, akwai lamba, kuma wannan lamba ita ce dukkan maganar.

Lambar tana faɗin girman idon ragar ne da ma'aunin maikron. Maikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita, kuma kaurin silin gashin ɗan'adam yana kaiwa tsakanin maikron 50 zuwa 100. Waɗanda aka fi samu a hannun masu fentin mota su ne mai maikron 125 da mai maikron 190, sai kuma masu manyan idanu da suka kai 260 ko 280 ko ma 400. Kamfanonin da suke ƙera kofunan da ake yarwa bayan aiki, irin su 3M mai tsarin PPS da SATA mai tsarin RPS, suna haɗa ragar ne a cikin murfin kofin, kuma nasu lambobin 125 ne da 200. Wanda ya dubi 125 da 190 zai ɗauka tazarar kaɗan ce, amma idon raga murabba'i ne, don haka faɗinsa ake ninkawa da tsawonsa. Idan aka ninka 190 sau 190 za a sami 36,100, idan kuwa aka ninka 125 sau 125 za a sami 15,625, wato ƙofar da fenti zai bi a mai 125 ba ta kai rabin ta mai 190 ba. Wannan ne dalilin da ya sa fentin da ya zube salin-alin a ɗaya yakan tsaya cak a ɗayan.

Akwai wani ruɗani da ya jefa mutane da dama cikin asara, wato lambar mesh, wadda kayan da suka fito daga Amurka da wasu daga Sin suke ɗauke da ita. Mesh yana ƙirga yawan idanun da ke cikin inci guda na raga, saboda haka tafiyarsa kishiyar ta maikron ce. A maikron, ƙaramar lamba ita ce raga mai laushi, a mesh kuwa babbar lamba ce mai laushi. Mesh 60 ya yi daidai da maikron 250, mesh 80 kusan maikron 180 ne, mesh 100 kusan 150, mesh 120 kuma shi ne maikron 125. Mutumin da aka ce ya sayo mai 190, ya je ya ga an rubuta mesh 200 ya ɗauka abu ɗaya ne, ya dawo da raga mai idon maikron 74 ko 75, wadda kusan babu fentin motar da zai ratsa ta cikin daɗin rai. Don haka kafin a biya kuɗi sai a tabbatar da wane ma'auni aka rubuta lambar, idan kuma babu lamba ko kaɗan a jikin kwalin, ni dai shawarata a bar shi a kan kanta.

Kuskuren da ya fi yawa a tunanin masu neman aiki mai kyau shi ne ɗauka cewa mataci mafi laushi shi ne mafi inganci a kowane hali. Wannan tunani yana duban rabin aikin mataci ne kawai. Fenti ba ruwa zalla ba ne, cakuɗe ne na ƙaro mai ɗaurewa, da ruwan da yake narkar da shi, da garin launi, wani lokaci kuma da ɓarɓashin alminiyom ko na ma'adinin maika mai ba da ƙyalƙyali, ko garin cikawa irin wanda ake zubawa a faraima, wato fentin ƙasa da ake shimfiɗawa kafin kala, don ya toshe zanen samfefa. Duk waɗannan an sa su ne don su isa jikin mota, kuma matacin da ya hana su wucewa ya ɓata fentin kamar yadda datti zai ɓata shi. Saboda haka zaɓen mataci yana tsakanin iyaka biyu, idonsa ya fi mafi girman ƙwayar da ake so ta wuce faɗi, ya kuma gaza girman mafi ƙanƙantar dattin da za a iya tarewa ba tare da an shaƙe fentin ba. Matan da suke tankaɗe sun riga kowa sanin wannan, domin rariyar garin tuwo daban, ta garin ɗanwake ko ta tatar koko daban, kuma ba a taɓa jin wadda ta ce rariyar koko ta fi kyau don haka da ita za ta yi komai ba.

A fara da faraima, tunda ita ake fara fesawa. Faraima mai cikawa tana da kauri da nauyin gari, shi ya sa ake fesa ta da bindiga mai faɗin baki, milimita 1.6 zuwa 2.0, kuma mai maikron 190 ko 200 shi ne ya dace da ita, wasu masu kauri sosai ma har sai an je ga 260 ko 280. Idan aka zo ga filar feshi irin ta foliyesta, wadda ake fesawa da bakin milimita 2.0 zuwa 2.5 kuma take saurin daskarewa da zarar an zuba mata mahaɗinta, raga mai laushi ɓata lokaci ce da asarar kaya, domin kafin ta gama tsiyayewa ta fara kamawa. Wasu suna cewa tunda za a goge faraima da samfefa babu buƙatar tace ta. Ban yarda da wannan ba, domin gudan faraima da ya bushe ya shiga bakin bindiga yakan karkatar da feshin ko ya sa bindigar ta riƙa tofi, kuma idan gudan ya zauna a jikin mota aka goge shi ya fita, yakan bar ɗan rami wanda sai fentin kala ya hau sannan zai bayyana.

Fentin kala mai tina, wato sinadarin da ake tsinka fenti da shi, wanda shi ne har yanzu ya fi yawa a garejojin Kano da Kaduna da Maraɗi da Damagaram, mai 190 yake so, haka ma fenti mai hadina, wato mahaɗin da yake sa fenti ya daskare ya yi tauri, wanda yake fitowa da sheƙinsa ba sai an ɗora masa kiliya ba. Dalili shi ne, idan irin wannan fentin kala ya ɗan bushe a bakin gwangwani ya koma ciki, tina tana iya sake narkar da mafi yawansa, abin da ya rage kuwa ɓawo ne babba wanda raga mai 190 za ta kama ba da wahala ba.

Fentin kala mai ruwa kuwa, wato wanda ruwa ne yake tsinka shi maimakon tina, halinsa daban ne, kuma a nan ne mai 125 ya samo asalin farin jininsa. Tun daga watan Janairu na shekarar 2007 dokar Tarayyar Turai ta taƙaita yawan sinadaran da suke tashi iska daga fentin gyaran motoci, abin da ya sa garejojin can suka koma ga fenti mai ruwa, irin su Autowave na Sikkens da Envirobase na PPG, kuma daga can ya fara shigowa manyan wuraren gyara na ƙasashenmu. Shi wannan fenti idan ya bushe ya bushe ke nan, ruwa ba ya sake narkar da shi. Ɗan busasshen da ya manne a murfi ko a jikin sandar motsawa yakan farfashe ya zama ƙananan ƙwayoyi masu tauri, waɗanda suke sulalewa ta idon 190 su fito a jikin mota, kuma tunda kaurin fentin kala bayan ya bushe bai cika wuce maikron 15 zuwa 25 ba, babu inda za su ɓuya. Shi ya sa masu yin irin wannan fenti suke rubuta 125 a takardar bayaninsu. Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba, wato matacin kansa dole ya zama wanda aka yi don fenti mai ruwa. Wanda aka liƙa ragarsa da gam mai narkewa a ruwa yakan saki a tsakiyar zubawa, fentin ya kwarara ta gefe ba tare da ya bi raga ba, ragar zaren auduga kuma takan kumbura ta sha ruwa ta saki gashi.

A kan kiliya ra'ayin ƙwararru ya rabu, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Masu cewa 125 suna duban cewa kiliya ba ta da garin launi ko kaɗan, don haka babu abin da ragar za ta ƙwace mata, ga shi kuma ita ce fuskar aikin, duk abin da ya shiga cikinta a fili yake. Masu cewa 190 suna duban kiliya mai kauri ta zamani, wadda take jinkiri a raga mai laushi alhali agogonta ya fara gudu tun lokacin da aka zuba hadina. Ni ina tare da na farko muddin kiliyar tana wucewa da kanta, musamman idan gwangwanin hadina ya kwana biyu da buɗewa. Hadina tana da sinadarin da yake haɗuwa da laimar iska ya daskare, shi ya sa za ka ga farin ɓawo ko wasu ƙwayoyi kamar sukari a bakin gwangwaninta, musamman da damina. Mataci zai tare waɗannan ƙwayoyi, amma ganinsu da yawa a kan raga alama ce cewa hadinar ta fara mutuwa, kuma tacewa ba ta mayar mata da ƙarfinta.

Inda maganar ta fi zurfi shi ne fenti mai ƙyalƙyali, wanda masu sana'a suke kira metalik, da ɗan'uwansa mai ɗaukar ido irin na lu'ulu'u. Akwai tsoro da ya yaɗu cewa mataci mai laushi yana cinye ƙyalƙyalin, kuma tsoron yana da tushe, sai dai yana buƙatar a rarrabe. Ɓarɓashin alminiyom da ke cikin fentin motoci na yau da kullum faɗinsa yana tsakanin maikron 10 zuwa 50 ne, wato ya fi idon 125 ƙanƙanta nesa ba kusa ba, shi ya sa ake tace metalik mai ruwa da 125 ba tare da kalarsa ta canza ba. Matsalar tana tasowa ta hanya biyu. Ta farko, idan fentin ya daɗe a ajiye ɓarɓashin ya kwanta a gindin gwangwani ya dunƙule, ba a kuma motsa shi sosai ba, to dunƙulen ne ragar take kamawa, sai fentin da ya wuce ya rasa wani kaso na alminiyom ɗinsa, ya fito da duhu ko ya rasa haskensa idan aka kwatanta da ƙofar da ke kusa. Ta biyu kuma, akwai launukan da aka yi da manyan ƙwayoyin maika ko na gilashi da suke kaiwa maikron 100 ko su wuce, waɗannan kam 190 ko 200 ne nasu. Manyan ƙyalƙyali irin na ado, wanda ake zubawa a kiliya don babura da motocin kwalliya, wasunsu sun kai maikron 200 zuwa 400, su kuwa hanyar ita ce a tace kiliyar tukuna ita kaɗai, sannan a zuba ƙyalƙyalin a motsa, a kuma cire ɗan matacin da ke maƙogwaron bindiga.

Hanya mafi sauƙi ta gane ko an yi zaɓi daidai ita ce a dubi ragar bayan fentin ya gama sauka, abin da mafi yawan masu feshi ba sa yi, sai su tuge matacin su jefar. Idan abin da ya rage ɓawo ne, da gashin ƙyalle, da tsatsar bakin gwangwani, to mataci ya yi aikinsa. Idan kuwa ragar ta yi fari fat tana walƙiya kamar an shafa mata azurfa, to kalar motar ce ta tsaya a nan. Na taɓa ganin haka a wani gareji da nake yawan zama, inda aka haɗa wa wata mota ruwan toka kala don ƙofa guda. Mai haɗin ya gwada a kan ƙarfe ta zauna daidai, amma da aka fesa sai ƙofar ta fito ta fi 'yar'uwarta duhu. Har an fara shirin mayar da fentin wurin mai haɗi, sai ogan ya sunkuya ya ɗauko matacin daga cikin kwandon shara, ya ɗaga shi sama ya nuna wa yaronsa, ya ce, "Kai, zo ka gani. Minti nawa ka motsa fentin nan?" Yaron ya ce, "Oga, na girgiza shi sosai." Ogan ya sa sanda a gindin gwangwanin ya kankaro wani abu mai kauri kamar kunun da ya kwana, ya ce masa girgiza ba ta tayar da abin da ya kwanta, sai an sa sanda an bi gindi da gefe. Da aka motsa sauran fentin yadda ya kamata, aka mayar da abin da ragar ta riƙe, kalar ta dawo kusa da yadda aka haɗa ta.

Wannan ya kawo mu ga jerin aikin, domin mataci mai kyau da aka yi amfani da shi a lokacin da bai dace ba bai tsinana komai ba. A motsa fentin a gwangwaninsa har gindi, a auna shi a kofin awo mai tsabta, a zuba hadina idan mai hadina ne, a zuba tina gwargwadon abin da takardar kamfani ta faɗa, a sake motsawa, sannan a tace kai tsaye zuwa cikin kofin bindiga. Tacewa ita ce ta ƙarshe, saboda tina da hadina da kofin awo da sandar motsawa kowannensu yana iya kawo nasa dattin, kuma wanda ya tace fenti sannan ya ƙara masa tina daga jarkar da take buɗe tun safe ya warware abin da ya ɗaura.

Idan fenti ya ƙi sauka, abu biyu ne bai kamata a yi ba, kuma su ne aka fi yi. Na farko shi ne sa sanda a riƙa murza ragar ko a matse mazurarin da hannu, wanda yake buɗe idanun nailan ya tura dattin ciki, wani lokaci ma ya ɓalle ragar daga takarda. Na biyu shi ne ƙara tina don kawai fentin ya wuce. Kaurin fenti ana daidaita shi ne don bakin bindiga da yadda zai kwanta a jikin mota, kuma akwai ma'auninsa, wato ɗan kofi mai huda a ƙasa wanda ake cikawa a ƙirga daƙiƙoƙin da zai ɗauka ya zube. A irin wannan kofi mai suna DIN 4, fentin kala mai tina da kiliya da yawa suna faɗawa tsakanin daƙiƙa 15 zuwa 20 a zafin digiri 20. Fentin da aka tsinka fiye da haka don ya bi mataci zai zubo da hawaye a jikin ƙofa, ya kuma kasa rufe faraima. Yanayi ma yana da hannu a nan, domin da sanyin safiyar hunturu fenti yakan yi kauri ya yi nauyin sauka, sai a bar gwangwanin ya ɗan ɗumama a ɗaki, da bazara kuwa fenti mai hadina yakan fara kamawa tun kafin lokacin da aka rubuta masa. Wanda ya haɗa kiliya da hantsi a watan Afrilu, ya dawo bayan azahar ya ga tana jan zare a kan raga, ya sani lokacinta ne ya wuce, kuma ko ya tilasta ta ta wuce ba za ta kwanta da sheƙi ba.

Ba zan tsallake maganar abubuwan da ake maye gurbin mataci da su ba, domin na san halin da ƙananan garejoji suke ciki. Na ga masu tacewa da yankin gyale, da safar mata, da gidan sauro, da matacin shayi na roba. Gidan sauro idonsa ya haura milimita ɗaya, wato dattin da ya kusa cika bakin bindiga mai milimita 1.3 zai ratsa shi. Gyale da sauran yadi suna sakin gashi, kuma gashin yadi a cikin kiliya ya fi ƙurji muni, domin yakan kwanta a karkace ya bar zane mai tsawo. Safa tana miƙewa, saboda haka girman idonta ya danganta da yadda aka ja ta, ga kuma ragowar sabulu da man shafawa da take ɗauke da su. Matacin shayi na roba kuwa tina mai ƙarfi tana iya laushe shi. Idan dole ta sa, mataci na ƙarfe marar tsatsa wanda aka san lambar ragarsa, ana wanke shi da tina nan take bayan kowane aiki, ya fi duk waɗannan, amma na takarda sau ɗaya ake amfani da shi. Fentin da ya bushe a ragarsa yakan toshe rabin idanun, sabon fenti kuma ya ɓamɓaro shi ya tafi da shi cikin kofi.

Ajiyar matatan kanta abin dubawa ce. Na sha ganin an jera su a kan tebur baki sama, a gareji guda da ake gugar fila, sai kowannensu ya zama kwanon tara ƙura. Wanda ke sama ya cika da farin gari, a ɗauke shi a zuba masa kiliya, garin da ya fi idon ragar ƙanƙanta ya bi ta. Kamata ya yi su zauna a cikin ledarsu a rufe, ko a kife su a cikin akwati, a riƙa zaro ɗaya-ɗaya daga ƙasa.

Akwai kuma iyakar da mataci ba ya wucewa, wadda ya kamata mai feshi ya sani don kada ya yi ta canza raga alhali ciwon yana wani wuri. Kaurin kiliya bayan ta bushe yana tsakanin maikron 40 zuwa 60, kuma dukkan fentin da mota take fitowa da shi daga masana'anta, tun daga ƙarfe har sama, bai cika wuce maikron 100 zuwa 150 ba. Wannan yana nufin ƙwayar datti mai maikron 100 za ta wuce raga mai 125 lafiya lau, ta kuma tsaya a jikin mota ta fi kiliyar da ke kewaye da ita tudu. Ƙurar hunturu da iska take kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, mafi yawanta ta fi haka laushi nesa, babu matacin fentin da zai tare ta idan ta shiga gwangwani, maganinta rufe murfi ne, da yayyafa ruwa a ƙasan wurin feshi, da share jikin mota da ƙyalle mai danƙo daf da za a fesa. Haka nan ruwa da man da suke fitowa daga kwamfaresa ba sa bi ta mataci ko kaɗan, ta tiyon iska suke zuwa, su haɗu da fenti a bakin bindiga, su bar ƙananan ramuka zagayayyu ko ƙuraje masu ruwa a ciki. Su nasu matacin daban ne, wanda ake ɗaurawa a kan layin iska, na farko mai maikron 5 don ruwa da tsatsa, na biyu mai maikron 0.01 don ƙananan ɗigon mai, tare da zubar da ruwan tankin kwamfaresa kullum.

Rarrabe waɗannan a jikin mota abu ne mai yiwuwa idan aka duba da natsuwa. Dattin da ya fito daga cikin fenti yakan ɗauki kalar fentin, yana nutse a ciki, kuma yakan bazu ko'ina da bindiga ta bi, har da gefen ƙofofi da ke tsaye. Wanda ya sauko daga iska ya fi taruwa a wuraren da suke kwance, wato bonet da rufi da murfin but, yana zaune a sama-sama, kuma idan aka sa farce a hankali bayan ya bushe za a ji kansa. Wanda ya zo daga tiyo kuwa rami yake yi ko ƙurji mai laushi, kuma yakan ƙaru idan kwamfaresa ta yi zafi bayan ta daɗe tana aiki. Mai feshin da ya ga irin na farko sai ya koma ga lambar ragarsa da yadda ya motsa fentin, ya kuma kwance bindigar ya duba ɗan matacin da ke maƙogwaronta, domin shi ma yakan tara busasshen fentin jiya ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan a cikin na yau.